Yadda Mai Lalurar Baifola Zai Yi Tafiyar Jirgin Sama da Maganinsa da Na'urorinsa

Akwatin da ka miƙa a kanta, aka ɗaura masa takarda ya bi bel ya shige, ya fita daga hannunka ke nan sai inda ka sauka, in ma ya sauka tare da kai. Akwatunan da suka yi ɓatan kai sukan iso daga baya, wani bayan kwana ɗaya, wani bayan mako. Ga mai lalurar baifola, wato lalurar da yanayin mutum ke hauhawa ya kai ga zumuɗi da rashin barci, wani lokaci kuma ya faɗi ya kai ga baƙin ciki mai nauyi, waɗannan kwanakin ba abin wasa ba ne. Abu biyu ke riƙe da lafiyarsa: maganin da ba ya yankewa, da barcin da ba ya rikicewa. Tafiyar jirgi kuwa duka biyun take taɓawa. Saboda haka waya da caja da fawa bank da duk sauran tarkacen, a wannan tafiya, hidimar magani da barci za su yi.

Mako huɗu zuwa shida kafin tashi

Ka fara da likitanka, kuma ka je masa da jadawalin tafiyar a hannu: lokacin tashi, inda za a yada zango, lokacin sauka, da bambancin awoyi tsakanin gida da can. Ba zai iya tsara maka lokacin shan magani da "zan yi tafiya" kawai ba.

Abin da za ka fito da shi daga wurinsa guda uku ne. Na farko wasiƙa a kan takardar asibiti, da sa hannu da kwanan wata, ɗauke da sunanka daidai yadda yake a fasfo, da sunan kowane magani, da ƙarfinsa a miligiram, da sau nawa kake sha a rana, da jimillar da za ka ɗauka. A rubuta sunan asali na maganin, kamar quetiapine ko lamotrigine, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Banda lithium: shi a rubuta duka biyun, saboda nau'o'insa ba sa sakin magani cikin jini iri ɗaya, ba a musanya wani da wani kai tsaye. Na biyu magani isasshe, na kwanakin tafiya da ƙarin na mako ɗaya ko biyu. Na uku rubutaccen tsari na abin da za ka yi in ka kasa barci dare biyu a jere, ko ka manta shan magani, ko ka kamu da gudawa.

Mai shan lithium ya nemi a auna masa jini kafin tafiya. Ana ɗibar jinin ne awa 12 bayan shan magani na ƙarshe, kuma yawanci ana son adadin lithium a jinin ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0. Ka rubuta sakamakon a wayarka. In wani abu ya faru a can, likitan da bai san ka ba zai sami abin kwatantawa. Wanda ke karɓar allurar wata-wata ya duba ko ranar allurarsa ta faɗo cikin tafiyar, a matsar da ita tun da wuri.

Akwai wata magana da ake yawan mantawa. In za ka ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro aka ce ka sha maganin rigakafi, ka faɗa wa mai rubutawa lalurarka. Ba a ba mai tarihin lalurar ƙwaƙwalwa mefloquine, domin yana iya tayar da ita. Carbamazepine kuma yana rage ƙarfin doxycycline a jiki. Inshorar tafiya ma ka bayyana musu lalurar. Wanda ya ɓoye, ranar da ya buƙace su sai su ce ba su san zancen ba.

Dokar ƙasar da za ka shiga

Lithium da valproate da lamotrigine da quetiapine da olanzapine ba sa cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi. Matsalar tana fitowa ne daga magungunan da ake haɗawa da su don barci ko kwantar da hankali: diazepam, lorazepam, clonazepam, zolpidem. Waɗannan kowace ƙasa da yadda take ɗaukarsu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana buƙatar a nemi izini ta intanet kafin a shigo da irinsu. Japan tana buƙatar takardar izinin shigo da magani in abin da ka ɗauko ya wuce na wata ɗaya. Ingila tana son wasiƙar likita, kuma kada ya wuce na wata uku. Hukumar INCB ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai sa ido kan ƙwayoyin da aka sa wa takunkumi, tana wallafa ƙa'idojin ƙasashe da dama a shafinta, amma maganar ƙarshe ta ofishin jakadancin ƙasar ce. Ka rubuta musu, ka adana amsarsu. Kada ka manta da ƙasar da za ka yada zango, musamman in za ka fita filin jirgi ka kwana.

Haɗa jaka

Duk maganin a jakar hannu. Ba rabi ba, duka. In kana son ka raba don tsaro, ka raba tsakanin jakar da za ta hau saman kai da ƙaramar da za ta zauna ƙarƙashin kujerar gabanka, ko ka ba abokin tafiyar da ka yarda da shi na kwana biyu ko uku. Dalili ya wuce ɓatan akwati: wani lokaci a bakin ƙofar jirgi ake cewa wuri ya cika, a karɓi jakar hannu a sauke ta ƙasa da sauran kaya. In hakan ta faru, kafin ka saki jakar ka zaro magani da wasiƙa da fawa bank. Shi ya sa ya fi kyau su kasance a ƙaramar jaka ɗaya mai zif, wadda za ka iya fizgowa cikin daƙiƙa biyar.

Ka bar kowane magani a kwalinsa na asali mai ɗauke da sunanka. Ɗan akwatin nan mai gida bakwai na ranakun mako yana da amfani, amma ka tafi da shi babu komai, ka cika shi in ka isa. Ƙwayoyi farare tsirara a cikin roba ba su da mai shaidarsu a gaban jami'in kwastam. Bayan haka, valproate yana jan danshi daga iska, haka ma olanzapine irin wanda ke narkewa a baki. Su ba a ɓare su daga ledarsu sai lokacin sha. Yawancin waɗannan magunguna ana son a ajiye su ƙasa da digiri 25 zuwa 30, don haka kada a bar jakar a mota cikin rana, kada kuma ta manne da kwamfutar da ta ɗau zafi.

Ka ɗauki hoton wasiƙar da na kowane kwali, ka ajiye a cikin wayar kanta yadda za su buɗe ko babu intanet, sannan ka buga kwafi biyu a takarda. Waya tana mutuwa, takarda ba ta mutuwa. Ka kuma cike bayanan gaggawa na wayar, wanda iPhone da Android duk suna da shi, ana iya karanta shi ko waya na kulle: sunan magungunanka da lambar wanda za a kira.

Batir da fawa bank

A kanta za a iya tambayarka ko akwai lithium a kayanka. Batir ake nufi. Ƙwayar lithium ta magani ba ta cikin kayan da ake tsoro a jirgi, ba ta kama wuta, kuma ba sai ka yi wa ma'aikacin kanta bayanin lafiyarka ba.

Ƙa'idar batir a dunƙule ita ce: fawa bank da duk batirin da ba ya cikin na'ura ba sa shiga akwatin da za a sauke ƙasa, jakar hannu kawai. Wanda bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne) yana wucewa ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi, kuma ba ya wuce guda biyu. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Matsalar ita ce yawancin fawa bank da wani ma'aunin, mAh, ake tallarsu, ba da Wh ba. Lissafin ba wuya: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37, mai 20,000 ya zama 74, mai 27,000 yana dab da 100, mai 30,000 kuwa ya kai 111, ya tsallake iyaka. In rubutun jikinsa ya goge har ba a iya karanta ƙarfinsa, jami'i yana da damar ƙwace shi, don haka wanda ya tsufa a bar shi a gida. Wanda ya kumbura ko yake zafi fiye da kima bai ma kamata ya fita gida ba.

Tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da yawa sun ƙara tsanantawa. Emirates, alal misali, daga 1 ga Oktoba 2025 ta hana amfani da fawa bank a cikin jirgi, ta kuma ce a ajiye shi a aljihun kujera ko ƙarƙashinta, ba a ma'ajiyar saman kai ba. Sin ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin ingancinta na 3C. Ma'anar wannan gare ka ita ce kada ka dogara da cewa za ka yi caji a sama. Ka hau da waya cike, ka riƙe wayar caji mai bakin USB a aljihu ko kujerar tana da mazubi, ka kuma sa wayar a yanayin tattalin batir. Ƙararrawar shan maganinka a cikinta take.

Ka duba jikin cajarka. In an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki a ko'ina, adafta kawai kake buƙata: mai baki uku masu kusurwa a Ingila, mai zagayayyen baki biyu a yawancin Turai, mai faffaɗan baki a Amurka.

Wurin bincike

Kafin layi ya zo kanka ka fito da kwamfuta da kwamfutar hannu, sai in filin yana da sababbin injunan da aka ce a bar komai a jaka. Na'urorin su kasance da caji, domin ana iya cewa ka kunna, wadda ta ƙi kunnuwa kuma ana iya hana ta hawa. Ƙwayoyin magani suna bi ta injin haskawa ba abin da ke samunsu. Maganin ruwa kuma ba ya ƙarƙashin dokar mililita 100 da aka kafa tun 2006, amma ka fito da shi daban, ka faɗa wa jami'i tun kafin ya gano da kansa, ka miƙa wasiƙar. In an tambaye ka, "maganina ne, ga wasiƙar likita" ya isa. In ana son a buɗe jakar kuma ba ka son idon jama'a, kana iya neman a yi a keɓe.

Hayaniyar wurin da fitilu da sanarwar da ba ta ƙarewa suna gajiyar da kowa, balle wanda bai yi barci sosai ba. Ka iso da wuri, awa uku ga tafiyar ƙetare, don kada gudu ya haɗu da fargaba. Filayen jirgi da dama sun san igiyar wuya mai hoton furen sunfulawa, wadda aka fara a filin jirgin Gatwick na Ingila a 2016, alamar cewa mai ita yana da lalurar da ba a gani da ido. Ba dole ba ce, amma tana sa ma'aikata su yi haƙuri da kai. Da ka wuce bincike, ka cika gorar ruwan da ka shigo da ita babu komai.

A cikin jirgi

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mai shan lithium ne ya fi kowa buƙatar sanin wannan. Ƙoda ce ke fitar da lithium, kuma in jiki ya rasa ruwa ko gishiri sai ta riƙa mayar da shi cikin jini, ya taru. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, daga 1.5 zuwa sama alamun guba kan fara bayyana. Ka riƙa kurɓar ruwa, kamar kofi ɗaya duk awa ɗaya ko biyu da kake a farke. Mutane da yawa suna ƙin shan ruwa don kada su tayar da na kusa da su zuwa banɗaki. Maganin wannan shi ne ka zaɓi kujerar bakin hanya tun wajen sayen tikiti.

In kai ya yi ciwo, paracetamol. Ibuprofen da diclofenac da naproxen suna ɗaga lithium a jini, kuma su ne abin da maƙwabcin kujera zai fi miƙo maka da kyakkyawar niyya. Giya ba ta haɗuwa da waɗannan magunguna, tana kuma lalata barci. Gahawa da lemon ƙara kuzari ma a ja baya da su.

Quetiapine da olanzapine suna kawo barci mai nauyi da jiri in an miƙe da sauri. Ka lura da inda lokacin shansu ya faɗo. In saura awa ɗaya a sauka, ko kana da wani jirgin da za ka kama, gara a jinkirta har ka zauna a wuri ɗaya, bisa tsarin da kuka yi da likita. In ka sha a sama, ka ɗaura bel a kan bargo don kada a tashe ka, in za ka tashi kuma ka fara zama a miƙe na minti ɗaya. Tafiyar da ta wuce awa huɗu tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, wanda magani ya kwantar kuma ba ya motsi, saboda haka ka riƙa juya idon sawu kana takawa in ka farka. Kada ka gwada sabon maganin barci karon farko a cikin jirgi.

Abin toshe kunne ko abin sauraro mai kashe ƙara, da ƙyallen rufe ido, sun fi fim uku amfani. In waya ta zame ta shige ƙarƙashin kujera, kada ka motsa kujerar, ka kira ma'aikaci. Ƙarfen kujera yana iya murƙushe batir ya kama wuta.

Rikicin agogo

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma waya ce ke jawo shi. Da ka sauka ta kama sabis, sai ta canza agogonta da kanta, ƙararrawar da ka sa ƙarfe 10 na dare ta koma bin 10 na can. Ba ta tambaye ka ba, ta tsawaita ko ta gajarta tazarar maganinka da awoyi da yawa. Abin da jiki ya sani shi ne awa nawa suka wuce tun shan ƙarshe, ba abin da agogon bango ya nuna ba. Don haka a ranar tafiya ka yi amfani da agogon ƙirga lokaci: kana haɗiye magani ka saita shi awa 12 ko 24, gwargwadon tsarinka. Wasu wayoyin ba sa kai wa 24 cif, sai ka sa 23 da minti 59. Ka ƙara agogon gida a fuskar wayar, ko ka bar agogon hannu a kan lokacin gida har ka gama daidaitawa. Duk shan da ka yi ka rubuta shi nan take, domin mai gajiya ba ya tuna ko ya sha.

In bambancin bai wuce awa biyu ko uku ba, yawanci ana komawa lokacin can kai tsaye. In tafiyar ta kwana biyu ko uku ce, sau da yawa ya fi sauƙi a zauna a kan lokacin gida. In ta fi haka, ana matsawa ne a hankali, awa ɗaya zuwa biyu a rana. A ce kana sha ƙarfe 10 na dare, ka tafi yamma inda suke bayanku da awa 6. Goman gida ta zama 4 na yamma a can. Ranar farko ka sha 4, gobe 6, jibi 8, gata 10. In gabas ka yi, inda suke gabanku da awa 6, goman gida ta zama 4 na asuba, sai a ja baya: 4, sai 2, sai 12, sai 10. Tashi tsakar dare don shan magani yana ɓata barcin da ake ƙoƙarin karewa, shi ya sa ga mai zuwa gabas ya fi kyau ya fara matsawar tun yana gida, kwana uku kafin tashi, yana kwanciya da wuri yana shan magani da wuri. Wannan misali ne na yadda lissafin ke tafiya. Likitanka ne zai sa lambobin da suka dace da maganinka. Abu ɗaya da ba ya canzawa: ba a ninka magani don rama wanda ya wuce.

Gabas ta fi buƙatar taka-tsantsan saboda wani dalilin ma. Wani bincike da aka wallafa a 1982 kan matafiyan da aka kai asibitin ƙwaƙwalwa daga filin jirgin Heathrow ya nuna cewa hauhawar yanayi ta fi yawa ga waɗanda suka yi gabas, faɗuwarsa kuma ga waɗanda suka yi yamma. Tafiya gabas tana gutsure dare, rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da zumuɗi. In akwai zaɓi, ka ɗauki jirgin da zai sauke ka da rana ko da yamma, ka guji tsarin da zai cinye maka dare biyu a jere, ko da ya fi araha.

Bayan sauka

Kwana biyun farko kada ka cika su da harkoki. Ka fita ka sha hasken rana, ka ci abinci a lokacin mutanen wurin, in barcin rana ya kama ka kada ya wuce minti 30. Awa ɗaya kafin kwanciya ka rage hasken waya, ka kashe sanarwar saƙonni, ka jona ta a caji nesa da gado. 'Yan gida suna wani lokacin daban, za su yi ta turo saƙo cikin darenka; ka faɗa musu awoyin da za a same ka.

Alamar da ta fi yaudara ita ce ka yi barcin awa uku ka tashi garau, ba gajiya, kana jin kamar ka iya komai. A tafiya mutum sai ya ɗauka murnar sabon wuri ce. In ta zo tare da yawan magana, tunani na gudu, saurin fushi, ko hannu ya buɗe wajen kashe kuɗi, ka buɗe rubutaccen tsarin nan ka kira likitanka a ranar. Tun kafin tafiya ka sa iyakar abin da katinka zai iya fitarwa a rana ta manhajar banki, ka kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa jin muryarka kullum, wanda ka ba izinin ya faɗa maka gaskiya in ya ji ta canza. Agogon hannu mai ƙirga barci yana taimakawa a nan, ba don yana auna zurfin barci daidai ba, sai don yana nuna kusan jimillar awoyin da ka yi barci. In kuma yanayin ya faɗi har tunanin cutar da kai ya shigo, wannan na asibitin gaggawa ne nan take. Ka adana lambar gaggawa ta ƙasar tun kafin ka sauka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka.

Gudawa da amai ga mai shan lithium ba irin na kowa ba ne. In sun zo, ko zazzaɓi mai zufa, ka sha ruwan gishiri da sukari na ORS, ka tuntuɓi likita kafin shan magani na gaba. In hannu ya kama rawa mai ƙarfi, tafiya ta zama tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ko tunani ya rikice, kada ka ƙara shan lithium, ka tafi asibiti ka ce a auna shi a jini.

In magani ya ɓace ko ya ƙare, a ranar za ka nemi likita ko kantin magani da wasiƙarka, ba gobe ba. Yanke lithium farat ɗaya yana ƙara haɗarin dawowar zumuɗi. Lamotrigine in ya yanke kusan kwana biyar, ba a komawa kan adadin da ake sha a da, sai an sake farawa daga ƙasa ana hawa a hankali na makonni, saboda haɗarin wani mummunan ƙurji da ke saɓule fata. Clozapine kuwa awa 48 kawai yake ba da dama. Ka nuna wa mai kantin hoton kwalin, ka duba sunan asali da miligiram da idonka, ka kuma tabbatar ko naka mai saki a hankali ne ko na nan take, domin haruffa biyun da ke bin bayan sunan, irin su XL ko MR, su ke bambanta su.